Zauren Kaka a Zango

Damina ta bar sa hannunta a zaurenmu:
taɓo ya bushe da sawun kowa,
takalma ashirin da ɗaya, ɗayan gwauro ne,
keken da ya daina tafiya tun ina goye,
buhun gawayi, lema mai haƙarƙari uku.

Na ce da Ma'azu kafinta,
ba na son ƙyalƙyalin zamani.
Ina son abin da ke cikin hoton nan:
shekarar da aka ɗaga sabuwar tuta,
Kaka Ɗan Jimma cikin kakin gidan waya,
bisa kujera mai siraran ƙafafu irin na zalɓe,
a ɗan karkace,
kamar za ta miƙe ta tarbi baƙo.

Ma'azu ya zaro fensir daga bayan kunne.
"Mutane na biya na in kai su gaba,
ke kina biya in mai da ke baya."
Na ce, auna dai.

Kwana uku muna fidda kaya.
Gwaggo Tsahara ta kafa tabarma a bakin ƙofa
tana shari'ar kowane tarkace:
wannan kwano da shi aka yi sunan ubanki,
wannan igiya ta san rijiyar da ba ki sani ba.
Rabin abin da na zubar da safe
da yamma yana ƙarƙashin gadonta.

Da muka janye tsohuwar kanta
sai ga bango yana magana.
Rubutun Kaka, ƙanana, a jere kamar tururuwa:
Galma, Ciroma, ya maido.
Fitila, Barira, ta maido, ba kwalba.
Tsani, Jibo.
Daga nan ba komai.
Shekara sittin da ɗoriya layin yana jira a rufe bakinsa.

Ranar shafe muka rasa abin hawa.
Na ratsa lungu biyu, na wuce dutsen da awaki ke kwana,
na yi sallama gidan Jibo.
Jikansa ya yi dariya har ya riƙe ciki,
ya fito da tsani daga bayan rumbu,
matakala biyu sabbi, sauran sun san hannun Kaka.
"Mu a nan tsanin Ɗan Jimma muke ce masa.
Ban taɓa tambayar ko wane ne ba."

Yanzu bango ɗaya ruwan ƙwai ne,
ɗaya kore mai duhu kamar miyar kuka.
Benci dogo, katakon maɗaci, ƙafafu a karkace,
ƙarƙashinsa gurbi tara na takalma.
Maratayan tagulla daga kasuwar Dole,
madubi zagaye kamar faifai,
randar Mirriya a kusurwa tana gumi a hankali,
rediyon Kaka a kan kanta, bebe,
amma ya fi kowa iya zama.

Wuri ɗaya na hana buroshi taɓawa,
faɗin tafin hannu huɗu.
Ma'azu ya yi masa firam da ragowar katako
bai ƙara ko dala a kuɗin aiki ba.

Jiya hadari ya taso daga gabas.
Yara suka shigo a guje daga lakwal,
suka dubi gurbi tara,
suka watsar da takalmansu a tsakar ɗaki
daidai inda iyayensu suke watsarwa.
Na buɗe baki, sai Gwaggo ta ce,
"Bar su. Zaure ba ɗakin amarya ba ne."

Na ari fensirin Ma'azu,
na durƙusa gaban firam ɗin
kafin a buga masa gilashi.
Tsani, Jibo,
na rubuta: ya maido.

Da asuba Barira ƙarama ta aiko ɗanta.
Rufinsu na yoyo.
Wai ko muna da tsani.