Ƙahon Rago a Alabar

Shekara goma sha ɗaya ina kan Bijimi,
haka na raɗa wa keken dutsena.
Tayarsa kaurin damtsen maƙeri,
sifirin ɗinsa na haɗiye rami ba tauna.
Tare muka gangara Bosomtwe,
inda hanya ke faɗawa tafki
kamar guga ya tsinke a rijiya.
Tabon haɓata rasit ɗin ranar ne.

Sai Lahadin da ta wuce,
a jar hanyar gonakin koko, bayan Ejisu,
shimfiɗaɗɗiya, ba tudu, ba gangare,
ina ta dannar feda kamar mai dakan sakwara,
wata yarinya ta gifta ni kan siririn keke.
Ta ce, "Sannu, Baba."
Ko haki ba ta yi.
Baban nan ya bi ni har gida,
ya zauna da ni a bakin akushi.

Shi ya kawo ni Alabar da hantsi,
rumfar Mijinyawa mai kayan kwantena,
inda kekuna ke rataye ta ƙafa
kamar nama a rumfar mahauta.
Na ce na tsakuwa nake so.
Ya dubi takalmina, ya dubi tabon,
ya sauko da uku.

Na fari baƙi, da yatsa biyu ya ɗaga shi.
Na tambayi kuɗi, ya faɗa,
na mayar masa da hannu biyu,
a hankali, kamar jaririn mutane.

Na biyu ja, yana walƙiya.
Na hau, na miƙe kamar mai laluben tsaba ƙarƙashin gado.
Ƙuguna ya ce, sauka.

Na uku kore, na ƙarfe,
fenti ya ɗaye inda wani ya saba jingine shi
a wani gari mai sanyi da ban iya karanta sunansa.
Kansa ya lanƙwasa kamar ƙahon rago,
hannuna ya rasa inda zai kama,
hannun da ya saba buɗewa
kamar mai raba faɗa.

Na ce, "Ina sifirin?"
Mijinyawa ya yi dariya har goro ya faɗi,
ya taɓa gwiwata, ya taɓa gwiwar hannuna:
"Ga su nan. Da su aka haife ka."
Na tura ɗan yatsa tsakanin taya da ƙarfe,
halin ɗan dutse ba ya barinsa,
na ga da sauran wuri ga mai kauri.
Zuciyata ta ɗan zauna.

Na zaga da shi ta Asawase.
Kowane dutse ya faɗa wa wuyan hannuna sunansa.
Ashe Bijimi ɓoye min maganar ƙasa yake yi,
wannan kuwa magulmaci ne, ba ya rage komai.
Na kusa juyawa.
Sai hanya ta buɗe bayan masu sayar da gawayi,
na sunkuya, na kama ƙasan ƙahon,
iska ta cika min riga,
na taka sau ɗaya, ya ba ni biyu.
Na ji wani yana dariya, ashe ni ne.

Muka yi ciniki har inuwa ta koma ƙarƙashin benci.
Albarka, ƙara, albarka.
Ya ce in kawo Bijimi a yi musaya.
Na ce kul.
Wanda ya sauko da ni Bosomtwe da rai
ba zai rataya ta ƙafa ba.
Na ƙirga masa sidin da na tara don rufin kwano.
Damina ta yi haƙuri.

Yau da dare na rage wa tayar iska,
na ɗaga sirdi kaɗan, na sake saukewa.
Lahadi zan koma bayan Ejisu.
Ba na cewa zan kamo ta.
In ta sake gaishe ni,
ina so in sami numfashin amsawa.