Hannu Ɗaya a Zauren Taro

A zauren da ke bayan coci, a tsibirin Negros,
fanka na juyawa kamar wadda aka tilasta,
shugaban taro ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu.
Hannaye suka miƙe kamar rake bayan ruwan farko.
Ya ce, masu ja fa?
Nawa ne kaɗai, ni Eufemia Labayen,
hannun da alli ya ci shekara talatin da huɗu.

Ba na jin haushin bankin Manila.
Babban kifi ba ya neman izini in zai buɗe baki.
Lissafi ne ya tsaya mini a maƙogwaro:
peso tamanin kowane hannun jari, in ji su.
Tamanin?
Ubana ya sayar da baunar da yake huɗa da ita,
shekarar da guguwa ta yaye rufin kasuwa,
ya sayi ɗari biyu,
ya ninke takardar cikin gwangwanin biskit,
ya koma gona da fartanya da ƙafarsa.

Ban ce a biya ni kuɗin gumi ba,
na san gumi ba ya hawa sikeli.
Amma filin da bankin ke zaune a kai
sun rubuta shi da farashin zamanin da titin turɓaya ne.
Bashin masunta sun zuba shi a layin asara,
alhali duk Litinin nakan gan su a layi,
kuɗinsu na ƙarnin kifi, suna biya.

Doka ta bar mini 'yar ƙofa, ta mai sunkuyo:
ki ƙi a fili, ki rubuta cikin kwana talatin,
ki miƙa takardarki.
Masu ƙiyasi uku za su zauna,
ɗaya naki, ɗaya nasu,
na uku wanda biyun suka yarda da shi.

A kwana na tara manaja ya zo da kwandon mangwaro.
Wilfredo, da na koya wa rabawa a aji huɗu,
yanzu da furfura a gefen kunne.
Ya ce, Malama, ki janye,
kuɗin lauya zai cinye bambancin.
Na ce, zauna.
Me nake faɗa muku in kun kawo amsa tsirara?
Ya dubi ƙasa, ya ce, nuna yadda ka same ta.
Na ce, to.

Wata biyu suna auna ƙasa, suna buɗe kundi,
suna gardama a kan abin da gobe za ta haifa.
Suka ce ɗari da goma sha uku.
Ba abin da na ƙirga ba ne,
ba kuma abin da aka so in haɗiye ba.

Maƙwabtan da suka karɓi tamanin
wasu sun daina gaishe ni,
kamar ni na zare musu talatin da ukun.
An sauke tsohon allon bankin ranar Asabar,
an kafa shuɗi mai kwana da wuta.
Ba ni da kujera a taron baɗi.

Gwangwanin yana nan a kan kabad.
Na zuba masa maɓallai da zare,
don kada ya riƙa amsa kuwwa in na taɓa shi.