Arba'in da Biyu

Ni na sa hannu.
Takardar ofishin harkokin ɗalibai, layin ƙarshe,
inda aka ce: wa zai ɗau alhaki?
Biro ya yi mini nauyin taɓarya.

Fuseini ya ce, "Yawon Tafkin Bosomtwe ne fa, Sirina,
ba yaƙi za mu ba."
Na ce shi ruwa bai san ɗan ajin ƙarshe ba,
bai san tilon uwarsa ba.

Ran Alhamis na sauka tashar Asafo,
na durƙusa ina latsa tayoyi.
Wofa Yaw direba na dariya har da riƙe ciki.
Ina inshora? Ya zaro ta ƙarƙashin kujera,
ta mutu tun watan Maris.
Na nemi wata mota, ƙarin sidi ɗari huɗu.
Ma'aji ya daina amsa gaisuwata.

Na karɓi lambar wayar iyayen kowa.
Na san mai asma, na san mai farfaɗiya
da ya roƙe ni in rufa masa asiri.
Na taka har Aboabo wurin mai wake da shinkafa:
Hajiya, kula ta uku ta Ramatu ce,
ko ƙanshin gyaɗa kada ya raɓe ta.
Rigunan ruwa sha biyu na aro,
biyu igiyarsu ta tsinke, na ɗinke cikin dare
da fitilar waya, an ɗauke wuta.

Asabar. Tafki kwance lumui, kamar bai taɓa cin kowa ba.
Suna hoto, suna ihu,
ni ina ƙirga kawuna kamar mai kiwon agwagi.
Arba'in da biyu.
Arba'in da biyu.
Bayan la'asar,
arba'in da ɗaya.

Yawun bakina ya ƙafe.
Na ga kaina a ƙofar wani gida a Asawase
ina neman kalmar da zan fara da ita.

Ashe Mutala na bayan bishiyar kwakwa
yana cinikin soyayyen kifi.
Ban zage shi ba. Gwiwata ce ta ƙi ɗaukata.

Da muka shigo Kumasi, fitilun Oforikrom na walƙiya,
Fuseini ya miƙe, ya yi hamma:
"Kin gani? Duk wahalar banza. Ba abin da ya faru."

Na ce haka ne.
Mako uku na yi ina haɗa shi,
wannan ba abin da ya farun.