Bangon Aji Uku

Ni na rushe bangon aji uku da hannuna.
Gudumar farko ta sauka daidai inda na taɓa rubuta sunana
da tsinin ƙusa, shekara talatin ke nan:
Ɗanliti, harafin farko ya juya baya.

A nan sanyin Jos ya riƙa cin yatsunmu,
fensir na suɓucewa kamar tarwaɗa.
In ƙanƙara ta sauko kan tsohon kwano
sai Malama Kaneng ta ajiye alli,
ta harɗe hannu, ta jira sama ta gama magana.
Ni da Gyang benci ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa,
allo can cikin duhu kamar bakin ramin kuza.

Yanzu injiniya, wata 'yar Gangare, ta ce
tagogi su dubi gabas,
rana ta shigo, ba ruwanta da mita.
Mun sa silin mai kauri ya riƙe ɗumi,
mun jera farantan sola a kan rufi
kamar baƙaƙen alluna na shan hantsi.
Ruwan indararo ma bai tsira ba, tanki na jiransa.
Janareto kuwa an sallame shi,
yana lungu, ya daina tari.

Aji shida sun zama sha huɗu.

Jiya 'yata Hajjo ta danna makunni,
ta kashe, ta sake dannawa.
Ta ce, Baba, ina wurin zamanka yake?
Na nuna mata iska,
daidai inda matakala ta fara hawa.