Gilashi Uku a Kan Kanta

Titin Biashara, Nairobi, hantsi ya dubi ludayi,
na shiga kantin tsoho Velji da kuɗin maruƙa biyu a cikin safa.
Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jera gilasan kyamara uku,
a hankali, kamar mai kwashe ƙwai daga akurki.
Ya ce, “Kiptanui, ido ba ya sanin nauyi. Ɗauka.”

Na farko gajere ne, saba'in zuwa ɗari biyu.
Bakinsa da faɗi, yana shan haske tun duku-duku,
lokacin da 'yan gudu ke fitowa a Iten
numfashinsu na tashi kamar hayaƙin ɗanyen itace.
Amma na san abin da gajeren hannu ke jawowa.
Bara a Eldoret ƙanwata Jelagat ta zo ta ɗaya,
na kawo hotonta gida, ƙuda a kan faifai.
Mahaifiyarmu ta juya takardar sama da ƙasa,
ta ce, “To, wacce ce tawa?”

Na biyu tabarya ce, ɗari biyu zuwa ɗari shida.
Da shi zan ƙirga gashin idon damisa a Mara
daga inda ko warina ba za ta ji ba.
Na ɗaga shi, minti guda,
kafaɗa ta fara gunaguni,
gwiwar da ta raba ni da tsere ta ce ita ma tana nan.
Velji ya ce wannan da sanda ake bautarsa,
kuma da rana ta sunkuya sai ya makance,
daidai lokacin da dawa ke buɗe kasuwarta.

Na uku ya sha hannu. Ɗari zuwa ɗari huɗu.
Fenti ya goge a inda babban yatsa ke zama,
wata mai bin tsuntsaye ce ta bar shi da idonta ya gaza.
Na ce, araha ba ta ado.
Ya ce, “Ado ka zo saye? Je ka bakin ƙofa.”

A kan rufin bene can tsallake, borin tinke na tsaye
kamar alƙalin da ya gaji da shari'a.
Na murɗa, ya taho.
Na ga sanƙonsa, na ga kunzugun tuwo a bakinsa,
hannuna na rawa, hoton ya ƙi rawa.
Ya buɗe fiffike, gilashi ya bi shi bai sake ba
har ya faɗa bayan allon talla.

Na tambayi sauran nisan, ɗari biyun da babu.
Velji ya sa murfi, ya ce, “Haƙuri ne kuɗinsu.
A fili ka san kwanar da za su biyo, ka riga su.
A dawa ka san mashaya, ka zauna.
Wanda ya ce maka gilashi ɗaya zai ɗauke duka,
kanti gare shi.”
Sai ya yi dariya, don shi ma kanti gare shi.

Na zube kuɗin, saura na mota da shayi.

Laraba, kan jar hanya, hazo bai gama tashi ba,
na tsuguna a kwana tun kafin zakara.
Su goma sha biyu suka ɓullo, Jelagat ta huɗu.
Na murɗa, ta taho:
jijiyar wuya, gumi a leɓe,
tabon da ƙahon saniya ya bar mata a haɓa.
Na danna, na danna, na danna.

Da suka gama ta sheƙo wurina tana haki,
tana so ta gani.
Na ɗaga gilashi in ɗauki dariyar,
komai ya dagule ya zama ruwa.
Ashe ba ya ganin abin da ya matso ƙasa da taku guda.
Velji bai faɗa mini ba.
Na sauke shi a cinya,
ta ɗiga mini gumi a hannu.