Tafinta a Asibitin Cattinara

Shekara arba'in da ɗaya babana Stojan
yana yi wa uwata magana da Italiyanci.
Da shi ya nemi aurenta a bakin tashar jiragen ruwa ta Trieste,
da shi suka yi faɗa kan kuɗin haya,
da shi suka shirya.
Harshen ƙauyensu kuwa, na Slobeniya,
ninke shi ya yi kamar rigar sanyi
ya tura ƙasan akwati,
ba ya fito da shi sai ya buge yatsa da guduma.

Ran Talata jijiyar kansa ta toshe.
Ko da ya farfaɗo, Italiyancin ya tafi
kamar baƙon da ya kwashe kayansa kafin asuba.
Ya dubi Nunzia, matarsa, ya ce: voda.
Ta dube ni.
Na ce, ruwa yake so, Mama.

Haka na zama gada, ni Alenka,
ana bi ta kaina safe da yamma.
Ya ce ƙafarsa ta yi sanyi, na faɗa mata.
Ta ce ya daure ya ci ko cokali uku, na faɗa masa.
Ta ce taurin kan uwarsa ya gada,
wadda ta ƙi zuwa bikinsu don amarya 'yar Napoli ce.
Wannan ban fassara ba.
Tafinta ma yana da abin da yake haɗiyewa.

Daren Juma'a iskar bora ta yi ta dukan taga.
Na sauka neman shayi, injin ya cinye mini kuɗi, na daɗe.
Da na dawo sai na tsaya bakin ƙofa.
Yana magana a hankali, dogon zance,
rabin kalmomin ko ni ban san su ba,
ina jin sunayen shanu ne, da na gonar inabin kakansa.
Ita kuma tana amsa masa da bakin Napoli,
ba Italiyancin makaranta ba, na lungunsu,
wanda ita ma ta ninke tun ba a haife ni ba.
Ba mai jin na wani,
amma ba wanda ya yi shiru.

Shayin ya huce a hannuna.

Washegari na ga 'yar takarda a jakarta
da rubutunta mai karkacewa:
voda, kruh, mraz,
ruwa, burodi, sanyi,
da wata ta huɗu da ta rubuta ba daidai ba.
Na ɗauki biro zan gyara,
sai na mayar da shi aljihu.