Ƙafa Ɗaya

Sun aiko mota har Garin Malam,
wai ni zan miƙa kofin bana,
ni da ke lallaɓawa da ƙafa uku.

A zauren jami'a an kunna fitilu,
an jera ƴan langa cikin riguna masu lamba.
Mu da bante muka yi tamu,
farin wata ne alƙali,
dutsen bayan ganuwa ne wurin sha.

Aka kira Tsahiru jikan Nomau,
ruwan da ba a kayar ba tun kaka.
Ya taso, hannunsa saboda sabo
yana lalubar yatsan ƙafa ta baya.

Na san hannun nan.
Na kakansa ne, da ya maka ni ƙasa
shekarar da gero ya ƙi.
Haƙorina na nan cikin rairayin Zango.

Kofin kamar butar shayi.
Na miƙa, ban saki ba.
Ya ce, "Baba?"
Na jingine sanda a teburin shugaba,
na kai hannu baya.

Gwiwa ta ƙi.
Zauren ya yi tsit, yana jira na.